Hannun Mace Zafi Gare Shi

Shafi na 31

Ku da kuka hana wayata sakat kuna cewa na bar Chizuru tsaye a kicin tun shekaranjiya, to ga ta nan. Masu cewa in sassauta wa tsoho kuma ku karanta tukuna, ni dai ban ce komai ba.

*

Faranti na biyu ke nan na sushi, curin shinkafa da yankan kifi a kai, da Manaja Okabe ta juye a kwandon shara a gaban idon Chizuru.

"Fatar ta bushe," in ji ta, ko kallonta ba ta yi ba. "Kin san dokar gidan nan. Abin da ya gaji da zagaye a kan bel ba ya ƙara fita gaban mutane."

"Manaja, da kin bar shi ya ƙara zagaye ɗaya tak..."

"In bar shi a ce busasshen kifi nake sayarwa? Saura nawa gare ki?"

Chizuru ta kalli tiren da ke gabanta. Yanka biyu suka rage na kohada, ɗan kifin nan mai fatar azurfa da ɗigo-ɗigon baƙi. Ita ta je kasuwa ta zaɓo shi da kanta, ita ta zare ƙaya, ta barbaɗa gishiri, ta jiƙa a ruwan kal mai tsami, ta yi kwanaki tana leƙa shi a firji kamar mai jinya. Ga shi rabinsa da ɗoriya ya ƙare a shara tare da ɓawon jatan lande.

"Faranti ɗaya ya rage."

"To sai ki san yadda za ki yi," in ji Okabe. "Ni alfarma na yi miki, amma ban rufe gida don babanki ba. Ga oda can tana jira."

 Rana ta take, 'yan ofis sun cika wurin maƙil, injin shinkafa sai tofo curi yake yi ɗaya bayan ɗaya, su kuma yaran kicin suna ɗora kifi a kai suna turawa kan bel, doguwar shimfiɗar inji da ke zagaya ɗakin da faranti a gaban masu ci. Chizuru ta sunkuya ta leƙa ta ramin da bel ke fita, ta ɗan ɗaga labulen roba da ɗan yatsa.

Yana nan zaune inda yake.

Baba Isogai Tatsuzo, cikin rigarsa ta zuwa unguwa, ya miƙe baya tsaf, ƙunshin shuɗin ƙyalle a kan cinyarsa, hannu biyu a kai. Wuƙaƙen shagonsa ne a ciki. Daga nan in ya tashi, motar haikali zai hau ya kai su inda masu girki ke sallamar tsofaffin wuƙaƙe, a yi musu karatu a sa su ƙarƙashin dutse. Da zarar an yi haka, shagon sushin da ya gada wurin ubansa ya rufu ke nan har abada.

Ɗansa namiji, Yaya Ryuhei, ƙarnin kifi kaɗai amai yake sa shi, gyaran lif na hawa bene yake yi abinsa. Ita da take son shagon tun ba ta kai tsawon kantar shagon ba, magana ɗaya Baba ke ba ta: hannun mace zafi gare shi, yana lalata kifi. Ko sau ɗaya bai taɓa sa abin da ta naɗa a bakinsa ba. Shi a saninsa ma ofishin inshora take aiki.

Shi ya sa suka ƙulla wannan dabara ita da Yaya. A kawo shi cin rana, ya ci bai san hannun wa ba ne, ya ce ya yi, sannan ta fito.

To ga shi an kawo shi, ci ne dai ya ƙi.

Teburinsu dab yake da ramin, komai tana ji.

"Baba, ka ɗauki wani abu mana," in ji Ryuhei.

"Na sha shayi."

"Shayi ai ba abinci ba ne."

"Shi ma ni na zuba garin da kaina, ni na danna famfon ruwan zafi da kaina. Jira nake su miƙo min soso in wanke kofin."

"Haba Baba."

"Haba me? Rana irin ta yau ka rasa inda za ka kai ubanka sai wurin da abinci ke yawo kamar akwatuna a filin jirgi? Kai me kake ci ma?"

"Masara ce da mayonis."

"Wancan fa?"

"Soyayyen dankali."

Baba ya girgiza kai. "Jikan Isogai. A gidan sushi. Da kakanka zai ɗago ya ganka da ya koma ya gyara kwanciya."

"Ɗazu wani kohada ya wuce, na ga kamar mai kyau ne."

"Yaushe ka fara gane kohada, kai da ko ƙofar kasuwar kifi ba ka iya bi sai ka toshe hanci?"

Ryuhei ya share goshi. Chizuru ta ciji leɓe. Shi fa Yaya mutumin kirki ne, amma a ba shi ƙarya ya riƙe, gara a ba shi ɗanyen kifi. Tun da suka zauna yake zufa kamar wanda aka kama da kayan sata.

A ɗaya gefen bel ɗin, daura da su, wani mai sanƙo ne ya jefa nakatayal a kafaɗa yana ta aiki. Duk abin da ya ɗauko sai ya dulmiya shinkafar a ruwan soya, baƙin romon nan mai gishiri, har ta wargaje, sannan ya bi ta da tsinken cin abinci yana tsintowa. Duk dulmiyar da zai yi sai Baba ya runtse ido.

"Dubi wancan," in ji Baba, bai ma rage murya ba. "Wanka yake yi wa shinkafa."

"Baba zai ji ka fa."

"Ya ji mana. Gama dankalinka mu tafi, kar mota ta wuce ni."

Jin haka Chizuru ta saki labulen.

Ta tsoma hannuwanta a kwanon ƙanƙara, ta bar su har sai da ta daina jin yatsunta. Haka take yi tun ranar da aka fara barinta ta taɓa kifi a gidan nan, bayan ta gaji da wanke faranti. Babu wanda ya sa ta. Maganar Baba ce kawai ta zauna mata a ka, har fatar hannun ta tsattsage kamar ta tsohuwa.

Ta ɗauki wuƙarta da hagu, don ita bahaguwa ce, ta yi wa fatar kifin tsaga uku. Ta ƙi curin inji, ta ɗebi shinkafa a akushi ta naɗa da hannunta, ta shafa ɗan koren yaji, ta ɗora kifin, ta danna, ta juya, ta sake dannawa. Na biyun ma haka.

Ta ajiye farantin a kan bel.

"Je ka," ta faɗa ƙasa-ƙasa. "In ka dawo min ban san abin da zan yi ba."

Ya ratsa labule ya fita.

Ta ga idon Baba ya sauka a kansa. Ta rantse ta gani. Ya bi shi da kallo har ya zo daidai gwiwar hannunsa, sannan ya ɗauki kofin shayi ya juya fuskarsa wajen taga.

Farantin ya wuce.

"Baba ga shi can! Ga kohadan!" Ryuhei har yana miƙewa.

"Na ce maka ina nema?"

Ji ta yi kamar ta kurma ihu. Ta bi farantin da ido yana zagaya ɗakin, ya wuce 'yan mata uku masu ɗaukar hoto, ya wuce wata tsohuwa, ya wuce layin 'yan ofis, babu wanda ya ko ɗaga kai. Wa zai ɗauki kohada a nan ga kifin salmon mai cuku? Ya shigo kicin ta ɗaya ramin, Okabe na tsaye a wurin.

"Manaja, ina roƙonki."

Okabe ta dubi fatar kifin, ta dubi Chizuru, ta ja tsaki.

"Sau ɗaya. In ya dawo, ko kuka za ki yi min shara zai tafi."

Ya sake fita.

Baba ya riga ya gyara ƙullin ƙunshinsa, yana laluben hularsa. Farantin ya zo daidai su, bai ko motsa ba. Sai ga mai sanƙo ya lashe tsinke, ya gyara kwanon ruwan soyarsa, ya miƙo hannu.

Caraf!

Ita kanta Chizuru ba ta ga lokacin da hannun Baba ya fita ba. Farantin kawai ta gani a hannunsa.

"Baba, ai ni na fara miƙa hannu," in ji mai sanƙo.

"Ka miƙa, ni na ɗauka. Ga mai mayonis can tafe, shi ne daidai da kai."

Mutumin ya buɗe baki, ya dubi furfurar Baba, ya rufe abinsa ya koma kan wankan shinkafarsa.

Baba ya tsaya da faranti a hannu kamar wanda ya farka ya tsinci kansa a tsakiyar titi. Ya saci kallon dama, ya saci kallon hagu, ya lallaɓa zai mayar kan bel.

"Ranka ya daɗe, a yi haƙuri."

Okabe ce. Yaushe ta fita daga kicin, oho. Ta rusuna har ƙasa, murya kamar zuma.

"Abin da aka taɓa ba ya komawa."

"Ni za ki koya wa dokar sushi?"

"Ni na isa? Amma ko jariri aka kawo gidan nan ya san wannan. Ka taɓa, ya zama naka."

"To ki zubar, a sa a kuɗina."

"Baba," in ji Ryuhei, yau ɗaya dai kansa ya kawo wuta, "ba kai ka ce wanda ya bar ƙwayar shinkafa a faranti ba ɗanka ba ne? Har ka taɓa hana ni tashi daga tebur sai da na tsince ta ƙasa."

Baba ya watsa masa harara. Ya ajiye farantin a gabansa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya yi magana, ba tare da ya ɗaga kai ba.

"Ce wa Chizuru ta fito. Ta daina leƙena ta wannan ramin kamar ɓera."

Tsinken hannun Ryuhei ya faɗi.

 Chizuru ta tsaya riƙe da labulen roba, ta rasa gaba za ta yi ko baya.

"Wa... wace Chizuru?" in ji Ryuhei.

"Ƙanne nawa gare ka?"

Ta cire takunkumi, ta goge hannu a gaban rigarta, ta tura ƙofar kicin. Ta iso teburinsu.

"Sannu Baba."

"Wannan ne ofishin inshorar?"

Ta harari Ryuhei, ta juyo ga Baba.

"Yaya ne ya faɗa maka?"

"Wannan? Ai shi ko ba a tambaye shi ba goshinsa ya gama tona shi." Ya nuna kifin da ɗan yatsa. "Dubi tsagar. Ta kwanta ta inda ba a kwantar da ita. Bahago ne ya yi. Duk Tokyo bahago nawa ne zai yi wa kohada tsaga uku irin ta gidana, a kuma gidan da ɗana ya nace sai na zo? Tun farantin farko na sani."

"Tun na farko?"

"Tun na farko."

"Ka sani, ka bari aka zubar da biyu a shara?"

"Na sani."

Wani abu ya taso mata tun daga ƙafa. Duk ladabin da ta kwana tana haddacewa ya bi iska.

"To ka ci wannan."

"Ba zan ci ba."

"Me ya sa?"

"Ba na jin yunwa."

"Ba ka jin yunwa ka fizge shi a hannun mutum?"

"Dulmiya shi zai yi."

"To ina ruwanka in ya dulmiya? Ba hannun mace ne ya yi ba? Ba lalatacce ba ne?"

"Chizuru, rage murya," in ji Ryuhei. "Mutane."

Mutanen kuwa kowa ya kafa ido a farantinsa kamar an rubuta masa saƙo a ciki, amma babu mai tauna. Har 'yan matan nan sun kife wayoyinsu.

"Ba zan rage ba, Yaya! Tun ina ƙarama nake ragewa." Ta juya ga Baba. "Da na ce ka koya min, ka ce in je in kai shayi. Na kai. Ka ce in goge kanta, na goge. Ka kawo yara uku ka koya musu, duk suka gudu, ni ina nan ina kai shayi. Ta bayan labule na koyi komai, ina leƙenka kamar ɓeran da ka ce. Ka san faranti nawa na wanke a gidan nan kafin su bar ni in riƙe wuƙa?"



Ta shimfiɗa hannuwanta a kan tebur, gaba da baya, duk tsaguwar a fili.

"Taɓa ka ji. Ka ce zafi gare su, to taɓa!"

Ya kalle su. 

"Wa ya ce ki yi wa kanki haka?"

"Kai."

"Ni ban..."

"Kai ka ce, Baba. Ni ba gado nake roƙo ba, ba kuma tausayi ba. Ka sa a bakinka sau ɗaya. In ka ce bai yi ba, da kaina zan raka ka haikalin, ni zan riƙe maka ƙunshin. Duk unguwa ta shaida ba ka taɓa yin ƙarya a kan kifi ba. In ya yi kuma, ka ba ni makullin shago."

 Ƙarar bel kawai ake ji.

Baba ya goge yatsunsa da ɗan tawul, ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa tsinke ba. Ya ɗauki guda da yatsu uku, ya ɗan jinjina shi, ya juya shi ya dubi ƙasan shinkafar, sannan ya kifa kifin a kan harshensa ya rufe baki.



Ya tauna. Ya tauna. Ya ɗauki na biyun ma ya ci, ya bi farantin da ɗan yatsa ya ɗauke ƙwaya ɗaya da ta maƙale. Ya kurɓi shayi.

"Baba?"

Ya ajiye kofin yana kallon bel.

"Baba yaya ka ji?"

"Ban sani ba."

"Kamar yaya ba ka sani ba?"

"Kamar yadda na faɗa."

"Gishiri ya yi yawa? Tsamin ne? Ka faɗa min ko me ne ne, zan iya ɗauka!"

"Na ce ban sani ba!" Ya buga tebur har kofin ya yi tsalle. Sai kuma muryar ta karye, ta koma ƙasa. "Ba na jin komai. Tun jinyar da na yi hunturun bara harshena ya mutu. Gishiri, tsami, zaƙi, duk ɗaya. Kamar jiƙaƙƙiyar takarda nake taunawa."

Ryuhei ya zaro ido. "Baba! Shi ne ba ka faɗa wa kowa ba?"

"In faɗa a yi me? A sayo min wani a kanti?" Ya shafa ƙunshin. "Kuna tsammani gajiya ce ta sa zan rufe? Wata da watanni da ido nake auna gishiri. Ran nan tsohon da ya fi kowa daɗewa yana cin abincina ya ci, ya yi murmushi, ya ce ya yi daɗi, ya bar guda a faranti. Bai taɓa bari ba. A ranar na san na gama."

Chizuru ta dafa tebur.

Ba tausayi ne ya fara zuwa mata ba, gaskiya dai gaskiya ce. Haushi ne. Haushi mai ɗaci wanda ba ta san inda za ta sauke shi ba. Duk shekarun nan tana wahala don loma ɗaya, ashe bakin da take yi domin shi ya riga ya rufe.

"Da kana da harshen ka ƙi ci," ta ce, hawaye na zubo mata ba ta ko share ba. "Shekara da shekaru ina gabanka."

"Na ƙi."

"Yanzu ka ci a banza."

"A banza."

"Shi ya sa ka bar su suka wuce."

"Me zan ce miki in na ɗauka? In ce ya yi, na yi ƙarya. In ce bai yi ba, na yi ƙarya."

Ta share fuska da bayan hannu, ta ja hanci.

"To ni ina da harshe. Kai kana da ido da hannu. Ka tsaya a gefena, ni in ɗanɗana. Ba sai an rufe ba."

"A'a."

"Baba, wannan shawara ce mai kyau fa," in ji Ryuhei.

"Kai ci dankalinka."

"Me ya sa a'a?" in ji Chizuru. "Hannun ne har yanzu?"

"Na ce a'a. Mace ba ta taɓa tsayawa a kantar Isogai ba." Ya ɗora hularsa, ya rungumi ƙunshin, ya miƙe. "Matsa min. Mota ba ta jira."

Ta ƙi matsawa.

"Chizuru."

"Ba inda za ka kai su."

Ya raɓa ta gefe, ta cafke ƙunshin. Ya ja, ta ja.

"Saki!"

"Ba zan saki ba!"

"Ku rufa min asiri, gidan abinci ne!" in ji Okabe.

Ƙullin ya warware. Wuƙaƙe biyu cikin kubensu na katako suka faɗo kan tebur, suka ture kofin shayi. Doguwar ta san ta, ita Baba ke yanka da ita kullum. Ɗayar guntuwa ce, ƙotarta ta yi baƙi don tsufa. Tun tana yarinya take ganinta naɗe a saman kabad, aka ce ta Kaka ce, ba a taɓawa.

Ta kai hannu.

"Kar ki taɓa wannan!"

Ihun da Baba ya yi har mai sanƙo sai da ya zabura. Amma ta riga ta ɗauka.

Da hagu ta ɗauka, kamar yadda take ɗaukar komai. Abin mamaki, ƙotar ta zauna mata daram. Inda babban yatsanta ya sauka akwai ɗan lotsawa a katakon, kamar dama shi ake jira.

Ta zare kuben kaɗan.

Wuƙar sushi gefe ɗaya ake wasa mata. Ta Baba gefen dama ne, haka ta kowa. Wannan kuwa gefen hagu aka wasa. Ba kuma guntuwa aka ƙera ta ba, dutsen washi ne ya cinye ta, irin cin da sai an yi shekaru ana aiki da wuƙa kullum take yinsa.

"Kaka ba bahago ba ne," ta ce a hankali.



Ta ƙara zarewa. A gindin ƙarfen, dab da ƙota, maƙeri ya sassaƙa suna. Ya soma shafewa, amma yana karantuwa.

Fumino.

Sunan mahaifiyarsu, wadda ta rasu Chizuru ba ta shiga makaranta ba. Wadda aka ce musu shayi kawai take kaiwa ta karɓi baƙi.

"Yaya, zo ka gani."

Ryuhei ya leƙo, ya karanta, ya koma ya zauna daɓas.

"Mama ai da dama take cin abinci," ya ce. "Na tuna."

"Da bulala aka koya mata ci da dama," in ji Baba. Hularsa ta karkace, bai gyara ba. "Wuƙa ce ba wanda ya iya raba ta da hagu."

Chizuru ta ɗago. Muryarta ko rawa ba ta yi.

"Yanzu ka gama cewa mace ba ta taɓa tsayawa a kantar Isogai ba."

"Ba ta tsaya a kanta ba. Bayan labule ta tsaya, inda kike leƙena."

"Tana me?"

Ya dubi farantin da ya cinye. 

"Kohadan da aka san gidanmu da shi, wanda mutane ke hawo jirgi su zo ci suna yabon hannuna, ita ke gyara shi. Tsaga ukun nan tata ce. Bayan ta rasu kwaikwayonta kawai nake yi da dama." Ya ɗago ya dube ta. "Da farantinki ya leƙo ta ramin nan, ba ke na fara gani ba."

Okabe ta toshe baki da hannu.

Chizuru ta dubi wuƙar da ke hannunta.

"Ka san duk wannan," ta ce, "ka dubi idona ina yarinya ka ce min hannun mace zafi gare shi?"

Baba ya miƙo hannu.

"Ba ni wuƙar. Alkawari na yi mata tare za a binne su."

Ta mayar da kuben, ta rungume wuƙar a ƙirjinta, ta ja da baya.

"Manaja," ta ce, idonta na kan Baba, "maimaita masa dokar gidan nan. Da alama bai ji ba ɗazu: wanda ya taɓa, ya zama nasa."